Raguna Talatin da Biyu

Fataw,

Na wuce kasuwa kana barci. Jiya Mma ta ji kana waya da mai sayar da kwamfuta, kana cewa aikin haɗa bidiyonka sai da RAM talatin da biyu, in sha shida ne sai injin ya riƙa tsayawa. Ka san ɗan Turancinta: a wurinta "ram" rago ne, ba ƙwaƙwalwar kwamfuta ba. Tun asuba ta shaida wa duk gidan nan cewa ɗanta zai yanka raguna talatin da biyu da Layya! Har maƙwabciyarmu Maame Akosua ta ce a ajiye mata cinya.

Dariya ta hana ni gyara mata. Kai ka yi mata bayani kafin ka tafi sayen injin. Yi sauri, don ta riga ta aika a kira Issaka mai raguna.

Yayarka,
Basiratu