Ƙarfin Brenna

Gidan yari, kusa da Hobart
2 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Tahlia,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin Burnie? Wasiƙarki ta same ni ranar Talata, sau uku na karanta ta. Shekara shida ba ki ce mini uffan ba, sai ga shi wasan labarin da muke yi a teburin kicin kina ƙarama ya sa muna musayar takarda, wata huɗu ke nan. Ni ina jan labari, ke kina faɗin abin da jarumarki za ta yi, lamba ta raba gardama. An hana mu ɗan ludo a nan, wai caca ne, don haka na rubuta ɗaya zuwa ashirin a guntayen takarda, ina zarowa daga kofin shayi.

To, ga hukunci. Kin ce jarumarki Brenna maƙeriya za ta ɗaga ƙofar ƙarfen kurkukun, ta fito da tsohon da ke ciki. Ba ta iya ba. Kin rubuta mata ƙarfi sha takwas, amma a tsohon littafin da na koyi wasan, mace ba ta wuce sha shida, ƙofar kuwa sai mai sha takwas. Na goge, na gyara. Ba ni na kafa dokar ba. Ki sa ta juya ta bi hanyar gada, na tanadar mata labari mai daɗi a can.

Ki huta lafiya.
Ni ne babanki,
Trevor

Burnie
11 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, raina ne a ɓace.

Dokar nan tun ba a haife ni ba masu littafin suka cire ta, kai ma ka sani. Ni da nake sauke buhunan dankali a tashar jirgin ruwa tun safe, inda ƙarti biyu suka gudu a satin farko, ni za ka goge wa lamba?

Haka ka yi wa Mama. Shekara goma tana teburin wasanka, kullum rawar mai magani kake ba ta, tana bin jaruman abokanka tana ɗaure musu rauni. Ta taɓa roƙon ka takobi, ka yi dariya. Da ka sha giya ka buge Mista Doolan da mota, ita ta riƙe gidan. Da ciwo ya kwantar da ita, ni na riƙa ɗaukar ta daga gado zuwa banɗaki, wata tara, har ta rasu. Ba wanda ya zo ya duba ko ƙarfina ya kai sha takwas.

Kuma kada ka yi kamar ba ka gane ba. Tsohon cikin kurkukun nan kai ne. Ofishin sakin talala sun aiko mini fom, sun ce ba za a sake ka ba sai da adireshin wanda zai karɓe ka, in ba haka ba ka ƙarasa shekara biyun da ta rage. Yana nan manne a jikin firij.

Abu ɗaya nake so ka faɗa mini: ka zari lambar, ko ba ka zara ba?

Sai na ji daga gare ka.
Tahlia

Gidan yari
24 ga Mayu

'Yata,

Ina gaishe ki, kunya kuma ta cika ni. Sati guda ina jujjuya biro.

Na zara. Ashirin ta fito, kin kuma san a teburinmu ashirin ba ta faɗuwa, ko wa ya zaro ta. Macca, abokin ɗakina, yana kallo. Da ya ga na ɗauki abin gogewa sai ya ce, "Trev, kai fa jaki ne. Yarinya ta ci, ka murɗe mata?" Na ce ya yi harkar gabansa.

Tsoro na ji, Tahlia. Matar Doolan layi biyu ne tsakaninku, kanti ɗaya kuke sayen burodi. Na hango ki kina tafe da ni a titi ana nuna ki da baki. Sai na ga gara ki ji haushin littafi da ki ɗauki kaya irina, kin ɗauki abin da ya ishe ki. Batun Mamanki kuwa, ba ni da bakin magana.

Na mayar wa Brenna sha takwas ɗinta, ƙofa ta ɗagu. In har kina kan bakanki, ina so in zo gida. Ban taɓa faɗin wannan da bakina ba sai yau.

Ki yafe mini.
Babanki

Burnie
1 ga Yuni

Baba,

Gaisuwa. Tun ranar Litinin na sa hannu na aika fom ɗin, kafin wasiƙarka ta iso. Da na karanta ta, na buga wa ofishin waya na janye sa hannuna.

Matar Doolan zan iya da ita, mun sha gaisawa. Wanda ba zan iya zama da shi ba shi ne mutumin da zai yanke mini abin da zan iya ɗauka, ya ɓoye, ya ce don ni ya yi. Na ga yadda Mama ta ƙare a haka.

Kada ka aiko da ci gaban labarin yanzu. Na haɗo maka da ƙunshi, akwai safa biyu a ciki, an ce ɗakunanku da sanyi.

'Yarka,
Tahlia