Na Yi wa Mai Binciken Inganci Ƙarya, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Shugaban kamfanin sarrafa nama da nake wa aiki a Agege.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne Isiyaku, mai kula da ɗakin sanyi, kuma mai jan sallar azahar a masallacin ma'aikata. Kunya ce ta sa ni wannan rubutu.

Na ɗaya. Bara, da masu binciken inganci za su zo, an sanar da mu tun saura mako biyu. Aka yi fenti, aka sayo takalman roba ƙafa shida, alhali mu talatin ne. Masu binciken suna fita daga wani sashe sai a miƙa takalman ta tagar baya zuwa sashe na gaba. Ni na miƙa da hannuna, har ina dariya.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Cikin masu binciken akwai wani dattijo Bahaushe. Manaja ya zaɓe ni in raka shi, wai mai gemu ba a zarginsa. Mutumin ya tambaye ni ko ana tayar da janareto duk lokacin da aka ɗauke wuta. Na ce ana tayarwa. Ranka ya daɗe, ka sani, na sani, nama kan wuni babu sanyi saboda tsimin man dizal, a wanke shi a sake daskarar da shi. Dattijon ya rufe takardarsa, ya ce tunda liman ya faɗa ba sai ya duba ba. Ma'aikata huɗu suna tsaye suna ji. Biyu daga cikinsu sun daina bi na salla, kuma ban ga laifinsu ba.

Na uku. Wata mai zuwa za su dawo, an sake zaɓe na in raka su.

Roƙona shi ne a gyara ɗakin sanyi, a ba kowa kayan aikinsa, a daina sanar da mu ranar bincike. Yanzu da soja suka koma bariki kowa na cewa an samu bakin magana, to ga tawa. Ina da mata da 'ya'ya biyar a ɗakin haya, na san abin da takardar nan za ta iya jawo mini. Amma in an sake tambayata, gaskiya zan faɗa. In ba za ka iya jure wannan ba, ka sallame ni kafin su zo.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

Isiyaku, ɗakin sanyi.