Falwayar Ƙofar Gidanmu

Injiniya,

Sallama, da fatan kana lafiya kai da mai ɗakinka. Ni dai sai godiya, in ban da gwiwa. Ƙanwarka ta ce wai kai aka ba zaɓen layukan da za a sake wa wayar wuta bana. To madalla. Falwayar nan ta ƙofar gida ta ƙara karkata, yanzu wayar har gogar kwanon ɗakin babanka take, in iska ta kaɗa ka ji tas-tas kamar ana suya. Taransfomar kuwa zafi, ko kaji sun daina kwanciya a gindinta. Ba roƙonka nake ba fa, labari nake ba ka. Allah ya yi albarka.

Innarka

Inna,

Ina gaishe ki da Baba. Ba da son raina nake zaɓa ba. Layi arba'in kawai za a iya gyarawa, masu bukata sun haura ɗari uku. Shi ya sa muke duba yawan ƙarar da kowane layi ya kawo ofis, wanda ya fi lalacewa shi ne a gaba. Na duba naku: shekara uku ba ƙara ko ɗaya. A takarda, duk garin nan babu layi mai lafiya kamar naku. Yaya aka yi haka? An riga an sa hannu a jerin tun Litinin. Ki huta lafiya.

Ɗanki

Injiniya,

Na karanta. Ni ce. Tun da ka samu aikin nan na bi gida-gida na ce duk wanda ya kai ƙarar wuta, ɗana ya kai. Ni a zatona a kan sunanka ake rubutawa, a kore ka. In waya ta tsinke sai mu kira mai gyaran rediyo ya hau tsani ya ɗaure. Sau goma sha ɗaya kenan. Matar tela har tsiya take min, wai “uwar mai wuta, ga duhu ga girman kai.” Shekaranjiya hannun mai rediyon ya ƙone, ya rantse shi da tsani har abada. Yo ni ina na san shiru ma ana ƙirga shi? Ka gaida gida.

Innarka

Inna,

Barka da yini. Na roƙi manaja, ya ce ba a taɓa jerin sai baɗi, kuma in na cusa layin mahaifiyata kowa ya san sunan da za a kira abin. Ki tara maƙwabta gobe, kowa ya kai ƙara da bakinsa, masu gyaran gaggawa za su zo. Amma akwai mutane a gabanku, sai bayan kwana tara. Don Allah ku fitar da Baba daga ɗakin nan yau, kada kowa ya taɓa kwanon. Ina jiran amsarki.

Ɗanki

Injiniya,

Mun kai, mu ashirin da biyu, sun ba mu 'yar takarda. Babanka ya ƙi fita. Ya ce ɗakin da ya gina da hannunsa ba waya ce za ta kore shi ba, ka san halinsa. Ga hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara. Na ja kujerata na shiga na zauna wajensa. Kada ka kira ka yi min faɗa, ba ɗauka zan yi ba. Allah ya tsare.

Innarka