Tun da Katin Zinariya Ya Zo

Agege, Laraba da dare

Tun ranar da muka dawo daga Kano, aminina Sule mahauci bai ƙara kirana da sunana ba.

Banki ne suka ba ni katin nan mai ruwan zinariya, wai na shiga sahun manya. Ni da na shigo Ikko a bayan motar shanu! Da katin ake shiga ɗakin hutawa na musamman a filin jirgi. Ranar da za mu taso daga Kano na ja hannun Sule muka je, yarinyar bakin ƙofa ta ce mai kati kaɗai. Ya ce, "Shiga mana, Garba, guminka ne." Na kuwa shiga. Na zauna cikin sanyi, ga lemo a gabana, babu wanda zan ce wa bismilla. Ta gilashi na hango shi yana raba kilishinsa da wasu matafiya.

Ɗazu na je teburin mai shayi. Ina isa Sule ya miƙe, ya kakkaɓe mini benci. "Oga, zauna." Kowa ya yi dariya, ban da shi.

Ban ci haƙƙin kowa ba. Amma gobe da sassafe zan bi ta mayanka, ko zagina ne ya yi, in dai da sunana.