Ƙwan kififiya a bakin Iku

Muhsina,

Na tafi bakin rafin Iku, ban so in tashe ki ba. Koko na cikin fulas.

Jiya kina wurin aiki Malam Barnabas ya zo, wanda suke aikin sa kai na kula da rafi tare da Babanki. Ya ce yau masu ɗibar yashi za su shiga da tifa, kuma tun rasuwar Babanki babu wanda ya san inda kififiya take binne ƙwanta. Ni Babanki ya taɓa nuna wa, kusa da gindin wani ɓaure. Zan kai su Malam Barnabas, su kafa turaku su kewaye wurin.

Ki yi haƙuri, na ciro takalman Babanki na roba daga akwatin da kika rufe. Sun yi mini yawa, amma na cusa tsumma, za su kai ni.

Mamanki