Akwatin da Ban Bari an Cike Ba

Assalamu alaikum Yaya,

Ki gafarce ni da na sake damunki, na san hidima ta yi miki yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sauki 'yarmu lafiya, na ji watanta ya kusa. Mu ma alhamdu lillahi. Gwiwar ɗana Auta ta sake kumbura, kwana uku bai taka ba, sai da aka yi masa allura. Yanzu har yana tsokanata wai ƙafarsa ta fi shi son hutu.

Tun ranar da na gaya miki a waya cewa likita ya ce wannan ciwo na rashin tsayawar jini ta wajen uwa yake bi, ba ki ƙara ɗaukar kirana ba. Na san kin ga kamar na ɗora wa Inna laifi alhali tana kabari. Allah Ya sani ba nufina ke nan ba. Ai ni ma ta wajena Auta ya samu, kuma ban zaɓa masa ba.

Duk Asabar ɗin farkon wata muna taruwa, mu iyayen masu ciwon, a wani ɗaki bayan wurin gwajin jini. Kujerun roba ne da fanka ɗaya mai ƙara. Kowa da ɗan rakiyarsa, matar tela da ƙanwarta, direba mai yara biyu da mahaifiyarsa. Ni jakata nake ɗora wa kujerar kusa da ni, don kada a ga ba kowa. Matar tela har cewa take jakar nan ba ta taɓa fashin taro ba. Nakan yi dariya, sai na kama hanyar gida abin yake tsaya mini a rai.

A zaman da ya wuce nas ta zana wa kowa zuri'arsa a takarda, mace da'ira, namiji akwati, mai ciwon a cike nasa da biro. Da ta zo kan wanmu marigayi sai ta tambaye ni abin da ya yi ajalinsa. Na ce shekarata huɗu a lokacin, abin da nake tunawa kawai kwano a bakin gado, da Inna tana ta wanke tsumma. An dai ce haƙori aka cire masa. Ta ɗaga biro za ta cike akwatinsa, na riƙe hannunta, na ce ba zan shaidi abin da ban gani ba. Ke kika gani, Yaya. Ke kika riƙe masa kai.

Nas ta ce in ciwon ne, to yana yiwuwa ke ma kina ɗauke da shi, 'yarmu ma haka. Ba dole ba ne, amma in namiji ta haifa, a gwada jininsa kafin wani ƙarfe ya taɓa shi. Wata mai zuwa kuma za mu je gaban shugabannin asibiti mu roƙi a riƙa yi wa jariran irin gidajenmu wannan gwaji. Ni aka zaɓa in yi magana, wai ba na ƙara gishiri. Ina son in ambaci wanmu, amma ba zan yi ba sai da izininki.

Ko ba ki huce da ni ba, ki gaya mini kwana nawa jinin ya yi yana zuba. Takardar tana cikin jakata, akwatinsa fari.

Ki gaida Malam da Goggo da 'yarmu. Auta yana gaishe ki. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, kafin ta haihu.

Ƙanwarki.