Rigar da Ka Sa Bai-bai

Zuwa ga aminina, marigayi Malam Garba Katanga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai zai iya yi wa wanda ya riga shi, ina sanar da kai har yanzu ina Jidda, a kan keken ɗinkin da ka sani. Ban samu jana'izarka ba. Takarduna ba su cika ba, in na fita babu dawowa. Ta waya na ji ana fito da kai daga gidanka na Tarauni.

Ɗanka Nasiru ne ya sa nake rubutun nan. Ya kira ni, wai wani ɗan takara zai sa kofin ƙwallo da sunanka, ana neman yardar gida. Ya ce, "Baba, kai ka san shi tun kwaleji, abin da ka ce shi za mu yi."

Na kuwa san ka. Kai ne kyaftin, mai tsaron baya, ni kuma ɗan gudun miƙa sanda. Kullum sai ka tsokane ni: "Ku dai gudu kawai kuke, ba abin da kuke bi, ba mai bin ku."

Ka tuna lokacin da soja suka sauka aka buɗe siyasa, kwalejinmu ta horon malamai ta kai wasan da za a zaɓi masu zuwa gasar kwalejoji ta ƙasa a Ikko. Wani jigo ya kawo sababbin riguna, tambarin jam'iyyarsa a ƙirji. Tsofaffin kam sun koɗe, har lambobin ba sa karantuwa. Amma rabin 'yan wasan iyayensu 'yan ɗaya jam'iyyar ne, akwai ma wanda aka fasa wa ubansa kai a wajen taro.

Ba ka yi musu da kowa ba. Ka karɓi taka, ka juya ta, ka sa bai-bai, ɗinki a waje, ka shiga fili. Malamin wasanni ya ja ka gefe, ka ce masa, "Malam, ko da ɗaya jam'iyyar ce ta kawo, haka zan sa ta."

Kun ci wasan. Da aka kira sunayen masu tafiya, babu naka. Mu 'yan gudu muka tafi, ka rako mu tasha kana riƙe min jaka. Daga nan ba ka ƙara buga babban wasa ba, sai koyarwa a firamare da horar da yara a filin Darmanawa bayan La'asar.

Malamin nan ba na zaginsa. Albashin gwamnati yake ci, ga iyali. An ce da sandarsa ya dogara ya zo sallarka.

Na ce wa Nasiru a buga kofin, yara suna bukatar ƙwallo da takalma, amma a bar sunanka ya huta. Ya kai wa mutanen ɗan takarar saƙon cikin ladabi. Suka ce ai an riga an buga fasta.

Jiya ya turo min hoton allon da suka kafa a Gyadi-Gyadi, 'yan adaidaita sahu na wucewa ta ƙasansa. Ɗan takara yana murmushi, kai kana gefensa kamar ka yarda. Wani tsohon hoto suka samo, kana matashi, hannu a ƙugu. Na ƙara girmansa. Ni tela ne, Garba, idona ɗinki yake fara gani. Ga shi nan a kafaɗarka, a waje.

Hoton ranar ne suka ɗaga sama da titi, kuma babu wanda ya lura. Waɗanda za su gane yawancinsu suna kusa da kai a maƙabarta. Na ajiye almakashi na yi kuka, abokina, kukan da ban iya yi ba ranar da aka kai ka.

Zan faɗa wa Nasiru ya je ya tsaya a ƙasan allon, ya kalli kafaɗar ubansa da kyau.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya tufatar da kai rigar da babu tambarin kowa a jikinta.

Naka, mai gudun da har yau bai iso gida ba,
Ado.